Masu yi wa kuɗin teku dariya, ina gidauniyar attajiranmu?

Tun da gwamnatin Trump ta rufe USAID, hukumar Amurka mai ba ƙasashen waje tallafi, a 2025 wani sabon ƙorafi ya shigo gari. A rediyo, a Facebook, har a teburin mai shayi a Tudun Wada da Kawo a nan Kaduna, sai nuna yatsa ake yi ga gidauniyoyin iyalan attajiran Amurka. Wai ga yara ba makaranta, ga asibiti ba magani, su kuma sun kwashi miliyoyin dala suna lallashin kifi a teku. Wanda ya fi iya ba'a sai ya ce gara a haife ka kifi a can da a haife ka mutum a nan. A yi shewa, a tafa. Ni kam ban ga abin dariya ba, kuma maganar ta fara isa ta.

Mu ɗauki gidauniyar iyalan Walton, masu kantunan Walmart. Sam Walton da matarsa Helen ne suka kafa ta a 1987, yau 'ya'ya da jikoki ke riƙe da ita. Abu uku ta tsaya a kai: ilimin yara daga firamare zuwa sakandare, kare koguna da teku, sai raya yankin da iyalan suka fito, wato arewa maso yammacin jihar Arkansas da yankin Delta na kogin Mississippi. Ɗaruruwan miliyoyin dala take rabawa duk shekara a kan waɗannan ukun. Haka gidauniyar Packard, ta ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa kamfanin HP mai kwamfuta: tun 1964 take nan, mai ita ya rasu a 1996, amma aikinta na binciken teku bai tsaya ba. Dokar ƙasarsu kuma ta tilasta wa irin waɗannan gidauniyoyi su fitar da kusan kashi 5 cikin 100 na dukiyarsu kowace shekara, su kuma bayyana wa duniya wa suka ba, nawa suka ba shi.

To, a cikin wannan tsari mene ne laifin? Mutum ya tara dukiya a Arkansas, ya ce zai gyara Arkansas. So duka so ne, amma son kai ya fi. Bai ci bashin Rigasa ba.

Batun tekun ma da ake yi wa dariya, rashin lura ne ya kawo dariyar. Ku shiga Kasuwar Sheikh Gumi ko Kasuwar Barci ku tsaya wajen masu kifin ƙanƙara. Titus ɗin da uwargida ke tsinka biyu ta jefa a miya saboda nama ya gagara, ba a Shiroro aka kamo shi ba. Daga tekun Atlantika ta arewa yake zuwa, ta hannun ƙasashe irin su Norway da Holan. Hukumomin gwamnati da kansu sun daɗe suna cewa ƙasar nan na bukatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa kuwa bai fi kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Saura sayowa ake yi da dala. Masana a Turai sun yi shekaru suna kashedin cewa ana kama titus fiye da yadda yake hayayyafa. A gaɓar Mauritaniya da Senegal da Gambiya kuma masana'antu na niƙe ƙananan kifaye, abincin talaka, su mai da su gari a kai wa dabbobi da kifin kiwo na ƙasashen waje. Ran da teku ta ƙi bayarwa, tukunyar talakan Kakuri ce za ta fara ji, tun kafin mai kuɗin Landan ya san an yi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Kuma ba ci kaɗai muke yi ba, muna zubawa. Ledar fiya wata da robar lemo da muke watsawa a lambatu, ruwan sama na farko ke kwashe su zuwa Kogin Kaduna. Kogin ya gangara jihar Neja, ya haɗe da Kogin Kwara a kusa da Pategi, daga nan sai teku. Wani bincike da masana a Jamus suka wallafa a 2017 ya sa Kogin Kwara cikin koguna goma da suka fi kai shara ta roba cikin teku a duniya. Wadda ba ta samu wucewa ba ita ce ke toshe magudanan ruwa, damina ta yi nisa mutanen Kigo Road su kwana a tsaye. Gwamnatin tarayya ma ai ta buɗe ma'aikata sukutum ta harkokin teku a 2023, ban ji an yi mata ba'a ba.

Amma duk wannan ba shi ne ya fi ɓata min rai ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kaduna ba ta rasa masu kuɗi ba: tsofaffin janar-janar, tsofaffin gwamnoni da ministoci, manyan 'yan kwangila, duk ga gidajensu nan a Unguwar Rimi da Malali. Da yawansu suna da abin da suke kira gidauniya. Me take yi? Ta yi barci wata goma sha ɗaya, azumi ya kama ta farka, a buga hoton mai gida a jikin buhun shinkafa, a tara zawarawa da marayu a rana tun hantsi, a kira 'yan jarida. In shekarar zaɓe ce a ƙara atamfa. Ba ofis, ba ma'aikaci, ba takardar da za ta nuna abin da ya shiga da abin da ya fita. Ran da mai gida ya kwanta dama, gidauniya ta bi shi kabari, magada su shiga kotu.

Wannan salon har rai yake ci. A watan Maris na 2024 mutane sun mutu a turmutsitsin rabon zakka a Bauci. A Disambar shekarar yara 35 suka rasu a Ibadan wajen wani taron rabon kyauta, kwanaki kaɗan bayan nan aka sake yi a Abuja da Okija. Duk da haka mu ne muke da bakin koya wa wasu yadda ake kyauta.

Ga kuma inda kuɗin ya kamata ya je yana kallonmu. A 2017 gwamnatin jihar nan ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka faɗi. Ko me mutum zai ce game da korar da ta biyo baya, wannan adadi ya nuna ramin da muke ciki. Wace gidauniyar iyali ce a Kaduna ta ce ita horar da malamai ta ɗauka, shekara ashirin, ba fashi? Wace ce ta koma Kuriga bayan an sako ɗaliban da aka sace a 2024, kyamarori sun watse?

Za a ce Turawa gudun haraji suke yi. Su yi ta yi, in dai gudun harajin makaranta yake ginawa. Za a ce sadakar ɓoye ta fi lada. Wanda ya buga fuskarsa a buhu ba shi ne zai kawo mana wannan hadisin ba.

Abin takaicin shi ne tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Wakafi ne. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, har yau wakafinsa na nan yana amfani. Da wakafi jami'ar Azhar ta Masar ta rayu ƙarni bayan ƙarni. A ƙasar nan ma Janar T.Y. Danjuma ya ware dala miliyan 100 ya kafa tasa gidauniyar a 2009, tana ba ƙungiyoyi tallafin lafiya da ilimi bisa ƙa'ida, Dangote kuma ya zuba wa tasa dala biliyan 1.25. Ba wanda ya ce sai kana da irin kuɗinsu. Mai filaza uku a Ahmadu Bello Way ya cire ɗaya, ya rubuta a gaban lauya da malamai cewa hayarta ta makarantun unguwarsu ce har abada, ya naɗa amintattu da ba 'ya'yansa kaɗai ba, a riƙa buga lissafi duk shekara. Majalisar dokokin jiha kuma ta duba yadda za ta hana kowa kiran kansa gidauniya alhali ko littafin lissafi ba shi da shi. In ta tashi, ta fara da gidauniyoyin 'yan majalisar kansu.