Kun ɗebi ruwanmu a kwalba, ina amsa?

Mu ƴan Damagaram in ana zancen ruwa tambayarmu ɗaya ce: ya zo ko bai zo ba? Wanda ya saba tashi ƙarfe uku na dare don ya ji fanfo yana tari, ko ya wuni yana lallashin mai garuwa, ina ya ga sukunin tambayar abin da ke cikin ruwan? Garin a kan dutse yake zaune, shi ya sa ake janyo mana ruwa tun daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram. In ya iso sai hamdala. To yau ɗaya tambayar nake son yi.

Bara na raka ƙanena wani wurin haƙar zinariya can arewa. Aikinsa ɗibar ruwa don gwaji, wani kamfani ya ba su kwangila, direbansu ya kwanta ciwo, ni na riƙe musu tuƙi. Na ɗauka guga za a jefa a cika kwalba mu kama hanya. Ina! Sai da ya zura wata igiya mai ƙara in ta taɓa ruwa, ya rubuta zurfin. Sannan aka yi ta zuƙe ruwan rijiyar gwajin ana zubarwa, kusan ninki uku na abin da ke kwance ciki, wai ruwan da ya daɗe a bututu ba ya faɗin gaskiyar na ƙarƙashin ƙasa. Tsami da gishirin ruwan nan take ya auna su, don suna canjawa a hanya. Kwalbar da za a binciki ƙarafa a cikinta ya ɗiga mata asid kaɗan don kada ƙarfen ya manne a jikin roba, ya rubuta rana da lokaci da wuri, ya sa a ƙanƙara. (Neman ƙanƙarar a wannan zafi ya fi komai ba mu wuya.) A tabki kuma biyu ya ɗiba, ɗaya sama da inda ake wanke dutse, ɗaya ƙasa da shi.

Muna haɗa kaya wata tsohuwa ta sauke tulunta ta ce, "Ɗana, mu sha ko mu bari?"

Ya ce, "Iya, sai an kai an auna tukuna."

Ta ce, "To in an auna ka dawo ka gaya mini."

An auna. An rubuta rahoto da Faransanci, an miƙa wa wanda ya biya kuɗin aikin, shi ke nan. Ni kuwa a ganina gwajin da mai shan ruwan bai ji sakamakonsa ba, an yi shi ne don cika takarda.

Ido ba ya ganin gubar ƙarafan da ke cikin ruwa, nan ne matsalar. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa dalma maikirogiram 10 ne a lita guda, ruwa zai ninka haka sau da yawa yana nan garai-garai. A Zamfara a 2010 yara fiye da 400 suka rasu saboda dalmar da ke cikin dutsen zinariyar da ake niƙawa a tsakar gida, kuma sai da aka yi ta binne yara kafin a gane dalili. A Arlit ana haƙar yuraniyom tun 1971, amma sai da ƴan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace suka zo a 2009 suka ɗebi ruwa biyar don gwaji, huɗu suka wuce iyakar da hukumar ta sa wa yuraniyom, sannan zancen ya game duniya. Me ya sa sai baƙo ya zo?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lokacin da ake fara gwajin. A auna tun kafin a kafa diga ta farko, da rani da damina. In ba haka ba, ranar da rijiya ta lalace za a ce muku ai haka ruwanku yake tun kaka da kakanni, kuma ba ku da bakin musu, don wani dutsen da kansa yake ba da guba. Ku tuna yaran Tibiri na Maradi da ruwan fanfo ya lanƙwasa wa ƙashi, can babu ma'adinin da ake haƙa.

Kuma kada mu ɗora wa kamfanoni kaɗai. Tun da zinariyar Jado ta fito a 2014, samarinmu nawa suka tafi? Su ke wanke zinariya da zaiba da hannunsu, su zubar da ruwan inda awaki ke sha. Wannan wa ke auna shi?

Wani zai ce ƙauyawa ba su san maikirogiram ba. Ni ma bara na sani. Tsohuwar nan ba lissafi ta tambaya ba. A tara mutane a ƙofar mai gari, a faɗa da Hausa ko Tamashek: wannan rijiya a sha, waccan sai wanki, wancan tabki a hana dabbobi. A maimaita a rediyo. Kuɗin yin haka bai kai na ƙanƙarar da muka saya ba.

Jiya ƙanen nawa ya bugo mini, wai wata mai kamawa za su koma ɗibar ta rani. Na ce tsohuwar fa? Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, addu'a nake kada mu haɗu da ita a bakin rijiyar."