Hayar shekara 1,000 a kan dala 1

A shekarar 1882 hukumar birnin Boston da Jami'ar Harvard, a can Amurka, suka ƙulla wani ciniki wanda duk dillalin filin da ya ji shi zai riƙe baki. Jami'ar ta miƙa wa birnin wani makeken fili, birnin kuma ya juyo ya ba ta hayarsa har tsawon shekara 1,000, a kan dala 1 duk shekara. Aikin jami'a shi ne shuka itatuwa da kula da su. Birni kuma ya ɗauki nauyin hanyoyi da katanga da tsaro. Ƙofa kuwa a buɗe take ga kowa daga hudowar rana zuwa faɗuwarta, ba a karɓar ko sisi. Wurin shi ne gandun itatuwa na Arnold Arboretum, mai faɗin eka 281, kuma wa'adin hayar ba zai cika ba sai a 2882.

Abin da ya tuno mini da wannan ciniki shi ne yayin da ake yi yanzu na neman lafiya a ƙarƙashin itatuwa. Irin waɗannan gandaye na Turai da Amurka sun cika da shirye-shirye: tattaki tare da jagora, motsa jiki a inuwa, kallon tsuntsaye da sassafe, koya wa magidanta renon dashe da yi wa itace aure. Tun 1982 hukumar dazuzzukan Japan ta raɗa wa abin suna, shinrin-yoku, wato wankan daji, ko da yake ba ruwa a ciki, tafiya ce kawai a natse tsakanin itatuwa. Ba kuma tatsuniya ba ce. A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya bi takardun majinyatan da aka yi wa tiyata a wani asibitin jihar Pennsylvania, ya tarar waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa sun riga masu kallon bangon bulo samun sallama, kuma ba su sha maganin kashe zafi mai ƙarfi kamar su ba.

Ba ni da ja a kan wannan. Mu da muka san daɗin gindin tsamiya a watan Afrilu ba sai an kawo mana mujallar kimiyya ba. Inda nake da magana shi ne yadda masu sha'awar kwaikwayon abin ke kallon reshe su manta da saiwa. Tabarmar motsa jiki da jagoran tattaki a mako guda ana samar da su. Itacen da za a shimfiɗa tabarmar a ƙarƙashinsa sai ya yi shekara 50 ba wanda ya sa masa gatari, kuma wannan ba ya samuwa sai in filin ya fi ƙarfin duk wanda zai hau mulki a cikin shekarun nan 50.

Mutanen Boston sun gane haka tun da wuri. Kuɗin kafa gandun wasiyya ce ta James Arnold, wani attajiri na garin New Bedford da ya yi arziki a fataucin man kifin whale, aka kafa wurin a 1872. Shugabansa na farko, Charles Sprague Sargent, ya riƙe shi daga 1873 har rasuwarsa a 1927, shekara 54 ke nan mutum ɗaya yana kan aiki ɗaya. Shi da Frederick Law Olmsted, wanda yana cikin waɗanda suka tsara Central Park, babban wurin shan iska na birnin New York, suka yi ta naci har hukumar birni ta sa hannu. Sun san gari zai girma ya kewaye filin, sun kuma san ranar da zai kewaye shi wani zai zo da awon fuloti. Sai suka riga shi.

Amma abin da ya fi burge ni a wurin ƙarami ne ƙwarai, bai wuce tafin hannu ba: ɗan allon ƙarfe da ke rataye a jikin kowane itace. A kansa akwai sunan itacen, da danginsa, da inda aka samo shi, da lambar da ke nuna shekarar da ya shigo. A ofis kuma akwai kundin da ya san tarihinsa tun yana iri. Wannan allo shi ne ya raba gandun itatuwa da wurin shan iska. A wurin shan iska inuwa kawai za ka samu, a gandu kuwa inuwar ce da sunanta. Yaron makarantar gwamnati da malamarsa ta kawo shi, don wurin na da shiri na musamman ga ɗaliban birnin, yana tsayawa gaban itace ya karanta cewa daga Sin aka kawo kakansa, ya tsinci ganye ya gwada da na kusa da shi. Darasin da aka yi wata ana bugawa a allo sai ya zauna masa a hantsi ɗaya.

Gandun nan ya taɓa yin rana. Akwai wani itace, Metasequoia, da masana suka fara sani ta hanyar burbushinsa a cikin duwatsu, suna zaton ya ƙare a duniya tun zamanin da ba mutane. A shekarun 1940 sai ga shi an tarar da shi a raye a wani kwari a tsakiyar ƙasar Sin. Gandun Arnold ya tura kuɗi masanan Sin suka tattaro irinsa, irin ya iso Boston a 1948, daga nan aka rarraba shi ga lambuna a ƙasashe da dama. Yau mai tattakin neman lafiya yana wucewa ta ƙarƙashin waɗancan itatuwa na 1948, wataƙila bai ma ɗaga kai ba.

Sai maganar ƙofa. Ba duka gandayen Amurka ne kyauta ba. Morton Arboretum da ke kusa da Chicago, wanda aka kafa a 1922, ya ninka na Boston girma sau kusan 6, shirye-shiryensa ba magana, amma sai da tikiti. Ba na ganin laifinsu, albashin ma'aikata ba daga sama yake faɗowa ba. Sai dai wanda ya fi bukatar inuwa da natsuwa shi ne mazaunin ɗaki ɗaya da iyalinsa, mai gadi da ya kwana a tsaye, tsohuwar da likita ya ce ta riƙa takawa saboda hawan jini. Kuɗin ƙofa, kome ƙanƙantarsa, su yake fara korewa. Lokacin annobar korona a 2020, da aka rufe wurare da yawa, ƙofofin Arnold ba a rufe su ba, jama'a suka yi ta kwarara.

To mu ina ruwanmu da Boston? Ka zaga Kano ka ji sunayen unguwanni: Kurna, Ɗorayi, Giginyu, Durumin Iya, Tsamiyar Boka, ga Kasuwar Rimi. A Nijar ga Magarya gari sukutum. Kakanninmu da itatuwa suke kwatance. Yanzu ka tsayar da ɗan sakandare a birni ka ce ya nuna maka ɗorawa, alhali daddawarta ce a miyar da ya sha jiya, sai ya tsaya yana susar ƙeya. Ya san darbejiya, wadda baƙuwa ce daga Indiya, ya san mangwaro. Marke, ƙirya, maɗaci, ɗinya, kanya, aduwa, faru, waɗannan sun zama kalmomin karin magana a kunnensa. Ba laifinsa ba ne, ba inda zai gan su a jere da sunayensu.

Na san abin da wani zai ce: mutane na fama da abin sawa a baki, kai kana zancen allon ƙarfe a jikin kuka. Tambaya ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma kuka miya ce, kaɗanya mai ce, gawo taki ne da abincin dabbobi a lokacin da kome ya bushe. Manoman Maradi da Damagaram da suka koma barin tohon kututture a gonakinsu tun shekarun 1980, abin da suke kira sassabin zamani, sun dawo da miliyoyin itatuwa ba tare da sun jira kowa ba. Ilimin yana nan a ƙauye, a bakin manomi da makiyayi da mai magani. Birni ne ya rasa wurin ajiye shi.

Kuma bikin dashen itatuwa da muke yi duk damina ba ya cike wannan gurbi. A ɗauki hoto, a zuba ruwa da bokitin fenti, kafin kaka awaki sun gama da dashen. Abin da nake so in gani shi ne wata jami'a a Arewa, cikin masu sashen nazarin tsirrai da filin da suka rasa yadda za su yi da shi, ta zauna da gwamnatin jiharta su rubuta takarda irin ta 1882, majalisa ta mayar da ita doka, yadda gwamnan gobe ba zai iya yanka ko taku ɗaya ba. Eka 20 ma ta isa a fara. A rubuta sunan kowane itace da Hausa da Fulatanci da Barbarci kafin na Latin. A ɗauki tsofaffin da suka san daji aikin jagora, a biya su albashi. Masu motsa jiki da masu tattakin asuba ba sai an gayyace su ba, da kansu za su zo.

Wata doka ta gandun Arnold takan ba ni dariya, ko da yake na san dalilinta. Ba a yarda a baje abinci a ci a ciki ba sai rana ɗaya tak a shekara, wata Lahadi a watan Mayu, lokacin da furannin lilac suka buɗe. Tun 1908 ake wannan taro. Washegari ma'aikata su kwashe shara, su koma duba alluna.