Dashen ƙoda da fankiriyas a tare ba irin dashen ƙoda kaɗai bane

Kafin in baro gida an yi wa wani ɗan uwana dashen ƙoda, ƙaninsa ne ya bashi, an tsayar da rana, an shirya komai a tsanake, ya warke. Shi yasa da na zo nan ƙasar waje wani abokin aikina da yake fama da ciwon suga nau'i na 1 tun yana yaro, har ƙodojinsa suka gaza yana wankin ƙoda, yace min an sa shi layin dashen ƙoda da fankiriyas a lokaci ɗaya, sai na ɗauka ai aikin ɗaya ne an ɗan ƙara masa. Ashe ba haka bane wallahi.

Fankiriyas ɗin nan shine naman da ke kwance bayan tumbi, shi ke samar da insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, kuma shi ke fitar da ruwan da ke narka abinci. Toh wannan ruwan shine matsalar farko, don in naman ya ɗan ji jiki wajen cirewa ko ya daɗe a ƙanƙara sai ya kumbura ruwan ya fara cin abinda ke kusa da shi. Ana dasa shi ne haɗe da guntun hanjin mamacin da aka ciro daga jikinsa, a ɗinke da hanjin mara lafiya, kaga in ɗinkin nan ya yi yoyo dattin hanji ya zuba cikin cikin mutumin da ake ba magungunan danne garkuwar jiki, ai abin ba sauƙi. Ƙoda ba ruwanta da hanji. Da can ma a mafitsara aka fi jona shi, sai ya zamana mutane na fama da ƙonewar ruwan jiki da ciwon fitsari, shi yasa yanzu yawanci hanji ake yi.

Amma abinda likitocin suka fi tsoro a kwanakin farko shine jini ya daskare a jijiyar sabon fankiriyas ɗin, saboda jini a hankali yake bi ta cikinsa ba kamar ƙoda da yake kwarara ba, kuma in ya toshe sau da yawa sai dai a koma tiyata a cire shi. A ba da maganin tsinka jini kuma ga tsoron zubar jini a wajen ɗinki. Tun 1966 da William Kelly da Richard Lillehei suka fara wannan aikin a jami'ar Minnesota ake kokawa da wannan matsalar.

Abinda ya canza min tunani shine daren da aka kira abokin nan nawa akace an samu, ya tafi asibiti, aka ɗebi jini, ya kwana da azumin tiyata, da safe likita yace ya duba naman yaga kitse ya masa yawa bazai dasa ba. Ya dawo yana kuka, nima raina ya ɓaci sosai. Yanzu kam ina ganin likitan nan ya masa gata. Kaso mai yawa na haɗarin daga wanda ya rasu yake zuwa: in ya manyanta kamar ya haura 45 ko 50, in yana da ƙiba, in shanyewar ɓarin jiki ce ta yi ajalinsa, duk waɗannan suna ƙara yiwuwar toshewa da kumburi. Ga agogo kuma, an fi so kar naman ya wuce awa 12 a sanyi. Ɗan uwana da ƙaninsa ke kwance a ɗakin tiyata na kusa da shi bai san wannan tashin hankalin ba.

Sauran haɗarin kuma a jikin mara lafiyan yake. Shekara ashirin talatin ana suga jijiyoyi sun riga sun yi tauri, kuma mai suga zai iya samun ciwon zuciya ba tare da jin zafin ƙirji ba, don haka duk gwajin zuciyar da suke ta maimaitawa kar mutum yaga kamar ɓata masa lokaci ake. Ƙiba tana sa rauni ya ƙi haɗuwa, sigari ma haka, daɗewa akan wankin ƙoda shima yana raunana jiki. Waɗannan ne nake roƙon masu jira su riƙe da gaske, tunda baka da iko akan wanda za a ciro naman daga jikinsa amma nauyinka da sigarinka suna hannunka.

Duk da haka bana ce kowa ya guje shi ba. Mutumin da sugansa ke faɗuwa cikin barci bai sani ba, in aikin ya yi kyau ya rabu da allurar insulin da injin wanki gaba ɗaya, kuma sugan da ya daidaita yana kare sabuwar ƙodar. Amma wanda ke da ɗan uwa a shirye da zai bashi ƙoda yanzu, kuma zuciyarsa ba ƙarfi, ni dai zan so ya zauna da likitansa su tattauna a fara da ƙodar tukuna, fankiriyas ana iya dasa shi daga baya. Abokina dai har yanzu yana layi, ya rage kilo, wayarsa ko banɗaki zai shiga tana hannunsa.