Birai ma suna da lokacin haihuwa

A garin Maiwurno da ke ƙasar Sudan na sha jin manoma suna cewa biri ba shi da lokacin haihuwa, kullum da jinjiri manne a jikin uwa. Gwaggon biri suke gani, shi kam yana haihuwa a kowane wata.

Jan biri fa, wannan mai dogayen ƙafafu da ke tsere a filayen dajin Dindir na Sudan? Shi da damina yake barbara, lokacin da ciyawa ta yi kore, ƙwari suka yawaita, mace ta murmure. Ciki wajen wata 5 da rabi ne, sai haihuwa ta faɗo cikin sanyin hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu. Ruwan sama ne ke tsara masa lissafi.