Ni na ce a yi mana raid har ƙarƙashin gado

Jama'a mu a Garwa Faransanci ne da Fulatanci da Hausarmu, Ingilishi kuwa ko da yake shi ma harshen gwamnati ne a Kamaru, iyakar nawa gud monin. Kalma ɗaya na sani gangariya, ita ce Raid, wannan gwangwanin feshin sauron da nake sayarwa a shago kusa da ashana.

To akwai maƙwabcina ticha, mutumin Bamenda, mutumin kirki amma Faransancinsa da Ingilishina duk kanwar ja ce. Ran nan cikin damina, lokacin da sauron kogin Binuwai ke cin mutum kamar ya biya kuɗi, sai ga shi bayan isha'i yana waige-waige yana raɗa, Alaji, tumoro de go raid dis kwata, wato gobe za a yi raid a unguwar nan. Na ce Alhamdulillah, ashe an tuna da talakawa, feshi kyauta! Har na riƙe hannunsa na yi godiya, shi kuma yana kallona kamar na zare.

Kun san dai bayan shagon ina ɗan taɓa zuwa-zuwa, man nan da ake shigo da shi daga Najeriya, wanda tun da suka cire tallafi a 2023 ribarsa ta koma ta shan shayi. Sai na yi lissafi irin na masu hankali, na ce feshi da fetur ba sa shiri, kar a ƙona mini gida. Da asuba na tashi yara muka kwaso jarkokin nan kaf muka jera a ƙofar gida tsaf, na wangale tagogi, na ɗaga katifu. Uwargida ta ce Malam lafiya? Na ce ke dai rufe tukwanenki, harkar Turanci ce.

Da hantsi mota ta tsaya, masu kaki suka diro, ba tanki a baya ba famfo. Ni da bakina na ce bisimilla, ku fara da ƙarƙashin gado. Babbansu ya dubi jarkoki ya dube ni, ya ce shi dai bai taɓa yin aiki mai sauƙin wannan ba. Yarana ma har da taya su lodi.

Da yamma ticha ya zo jaje da ƙamus a hammata. Wai raid aikatau ne, kai samame, afka wa wuri ba zato a kwashe abin da aka samu a fice. Hukuma na yi, ɓarayin shanu na yi wa ruga, har yaro in ya yashe firij da dare a Ingilishi raid ya yi. In abin ya riga ya wuce sai a ƙara ed a ƙarshe, wai in maimaita, de raided mi.

Uwargida daga bayan labule ta ce ticha, in mutum ne ya yi wa kansa fa, yaya ake faɗi?