Dutsen Zaranda Bai Isa Ya Hau Bangon Falo Ba Ne?

Jama'a, ku leƙa falukanmu a nan Bauchi, ku dubi bango. Agogo na nan, Ayatul Kursiyyu na nan cikin firam, madalla. Amma a gefe sai ka ga hoton wani dutse mai ƙanƙara na can ƙasar Turai, bugun inji, wanda maigidan da kansa bai san sunan wurin ba. Ga Zaranda a hanyar Jos, ga dam ɗin Gubi, ga kogin Gaji a Yankari, babu mai rataya su. Kuma masu zana su suna nan cikin garin nan, muna kiransu "mai fenti".

Akwai wani dattijo da na sani, shekarunsa da yawa a sana'ar. Da rubutun allon shago da zanen bangon makarantu ya riƙe gidansa, har injin buga allon talla ya zo ya ƙwace masa kasuwa. Abin da ransa ke so tun farko shi ne zanen daji da duwatsu. Yana idar da asuba zai hau mashin, da ɗan littafi da fensir a aljihu. A can ba ya taɓa fenti. Layin dutsen yake jawowa, ya sa alamar inda inuwa ta faɗi, ya rubuta a gefe: nan ja-ja, nan toka-toka. Kafin hantsi ya tashi, don in rana ta take, inuwa ta gudu, dutse ya zama fayau ba fasali.

Sauran aikin a gida ne. Yadi yake saya ya ɗaure a katako, ya shafe shi da farin fenti haɗe da gam. Sama yake fara yi, sai duwatsun nesa da launi mai haske da ya ɗan karkata ga shuɗi, sannan ya matso kusa yana ƙara duhu, kuka da ɗorawa su zo a ƙarshe. Da hunturu ba ya son fentin mai, saboda yana kwanaki bai bushe ba, ƙura ta manne masa. Na ruwa kuwa tun yana kan buroshi iska ke busar da shi. Haka yake fama.

Wani zai ce, ai waya ta gama wannan. A'a. Waya duk abin da ta tarar take kwasowa, har leda da turken lantarki. Mai zane zaɓe yake yi, kuma komawa yake yi: dutsen da ya gani kore shar a watan Agusta, da kaka ya koma ruwan ƙasa, da hazo kuma sai ka rantse an ɗauke shi. Wani mai zane Bafaranshe, Monet, tsakanin 1890 da 1891, tarin hatsin da ke gonar maƙwabcinsa ya yi ta zanawa fiye da sau 20, don kawai hasken yana sauyawa. Yau ana rububin zanukan nan a gidajen tarihi.

Masu jin tsoro ta fuskar addini, ku tambayi malamai. A Buhari da Muslim, Ibn Abbas ya ce wa mai sana'ar zane in ya zama dole ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Shi ya sa dattijon nan ko saniya ba ya sakawa, burtali kawai za ka gani.

Abin da ke ba ni haushi shi ne tayi. Mutum ya yi mako biyu a kan zane, a taya masa kuɗin da bai kai na fentin ba, wai ai "wasa ne da buroshi". Masu otal-otal da masu ofisoshi, ku kuka fi kowa bangon da ke zaune haka nan, kuma baƙon da ya zo ganin Yankari a ɗakunanku yake kwana. Ku nemi masu zanen nan, ku biya su kuɗin aikinsu.