Na Janye Mota Kamar Yadda Doka Ta Ce, Aka Karya Mini Akwatin Wasiƙa

Ƙarfe shida da rabi na safe na dawo daga aikin dare, na tarar da akwatin wasiƙata kwance cikin dusar ƙanƙara, taku biyar daga inda na kafa shi. Sandar katakon ta karye daga gindi, murfin ya ɓalle, wasiƙu biyu da ke ciki sun jiƙe sun daskare sun zama kamar allo. Ga sawun tayar motar share ƙanƙara nan raɗau a bakin titi. Ko makaho ya shafa ya san abin da ya faru.

A wani ƙaramin gari nake zaune, a gefen birnin Minneapolis da ke jihar Minnesota a Amurka. A irin unguwanninmu mai kawo wasiƙu ba ya sauka daga mota, hannu yake miƙowa ta taga ya saka. Shi ya sa hukumar gidan waya ta ƙayyade komai: tsayin akwati daga fuskar titi inci 41 zuwa 45, nisansa daga bakin titi inci 6 zuwa 8. Da tef na auna ranar da na kafa nawa. Wato doka ce da kanta ta ce in ajiye akwatina daidai inda bakin ƙarfen motar share ƙanƙara yake bi.

Daren da abin ya faru, kafin in fita aiki, na shafe kusan awa ɗaya da shebur ina buɗe gefen mashigar gidanmu don in cusa motar uwargida, saboda dokar garinmu ta hana kwana da mota a titi duk tsawon hunturu, ko ƙanƙara ta sauka ko ba ta sauka ba. Yatsuna har sun daina ji. Na yi ne don bara na ɗanɗana: janwe ya zo cikin dare ya ɗauke motar, kuɗin ja da tara da na ajiya suka cinye mini ladan aikin kwana biyu. Ba wanda ya tambaye ni dalili. Ba wanda ya ce in kawo shaida cewa motar ta tare wa wani hanya. An ga mota, an ja, an rubuta, na biya.

Ba na faɗa da dokar. Duk wanda ya ga hunturun 2022 zuwa 2023, lokacin da ƙanƙarar da ta sauka a wannan yanki ta haura inci 90, ya san amfaninta. Tituna sun tsuke har a Janairun 2023 Minneapolis ta hana fakin a gefe guda na titunan unguwa, don motar kashe gobara da ta asibiti su samu wucewa. Tsarinsu na hana fakin na kwana uku don share ƙanƙara ma, duk da rikitarwarsa, mutum yana iya haddace shi: daren farko daga ƙarfe 9 zuwa 8 na safe a bar manyan hanyoyi, rana ta biyu daga 8 na safe zuwa 8 na dare a bar gefen da lambobin gidajensa cika ne, rana ta uku a bar gefen mara. Rai ake tsarewa, na yarda. Abin da ya ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya da na kira ofishin ayyuka na garinmu.

Matar da ta ɗauki waya ta saurare ni, sannan ta yi mini tambaya ɗaya: ƙarfen motar ne ya bugi akwatin, ko kuwa ƙanƙarar da motar ta watso ce ta ture shi? Na ce mata ina wurin aiki, ban gani ba. Ta ce to ka'idarsu ita ce in ƙarfe ne ya taɓa, za su duba. In nauyin ƙanƙara ne, wannan hasarar mai gida ce. Bayan kwana huɗu wani ya zo, ba na gida, ya leƙa, ya bar takarda a ƙofa: babu alamar fenti ko kartar ƙarfe, saboda haka nauyin ƙanƙara ne.

Don Allah a gaya mini, wa ya watso ƙanƙarar? Daga sama ta faɗo a kwance, da gudu, ta karya katako mai kaurin inci huɗu? Jiƙaƙƙiyar ƙanƙara mai haɗe da gishiri da tsakuwa, idan babbar mota ta kwaso ta da gudu ta wurgo, dutse ce. Wanda ya yi jifa ba ya cewa dutse ne ya fasa kai, ba ni ba. A layinmu kaɗai akwati uku ne suka kwanta a daren nan, duk a gefe guda, duk sun faɗi suna fuskantar inda motar ta nufa. Sanda uku ba sa haɗa baki su ruɓe a dare ɗaya. Gudu aka yi, kuma an samu damar gudun ne saboda mun bi doka mun share musu titi fes.

Ban ɗora wa direban laifin duka ba. Mutum ne da aka tasa tsakar dare, yana tuƙi cikin farin duhu, da tituna masu yawa a wuyansa kafin gari ya waye. Da waɗanda suka rubuta ka'idar nake. Sun rubuta ta yadda in kai ne ka yi kuskure, ganin ido ya isa hujja. In su ne, sai ka kawo shaidar abin da ya faru ƙarfe uku na dare kana barci ko kana bakin aiki. Kuma su ne masu ɓarnar, su ne masu dubawa, su ne masu yanke hukunci.

Wanda bai zauna nan ba zai ce akwati ne kawai, a sayi wani mana. A ƙasar nan rayuwar mutum ta akwatin nan take shigowa. Takardar kotu, katin banki, lasin tuƙi, maganin da ake aiko wa tsofaffi. Mu baƙi kuma, wasiƙar hukumar shige da fice. Muna jiran takardar ranar ganawa ta Hajiyarmu, irin wadda in ta wuce ka sai ka sake bin layi. Kullum da safe sai ta tambaye ni, "Babana, takardar nan ta zo kuwa?" Ni kuma in ce, "Hajiya, ki ƙara haƙuri." In babu akwati a tsaye, mai wasiƙa wucewa yake yi, sai ka je gidan waya da katin shaida ka karɓa. Ni da ke kwana a tsaye, barcin ranar da nake samu shi nake yankewa in je in bi layi.

Sai kuma maganar gyara. Ƙasa a nan takan daskare ƙafa uku ko fiye, ta koma kamar kankare, ba mai haƙa rami sai wajen Afrilu. Maƙwabciyata, tsohuwa mai tafiya da sanda, nata ma ya faɗi. Ita wa zai kafa mata? Na samo bokiti biyu, na cika su da yashi da duwatsu, na soka sanduna, na ɗaure akwatina da nata a kai. Haka suke tsaye yanzu a bakin titi, a karkace, suna jiran motar gaba.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A cire wannan rarrabewa ta ƙarfe da ƙanƙara, duk abin da motar gari ta karya gari ya gyara, da kuɗin harajin da muke biya. A rage gudu a titunan unguwa. In an karya, a kafa na wucin gadi washegari, kada a bar tsohuwa ba magani. Ranar Talata akwai zaman majalisar gari, kuma ana ba mazauna 'yan mintoci su yi magana. Na riga na nemi hutun daren a wurin aiki. Karyayyiyar sandar tana cikin but ɗin motata, da ita zan shiga zauren.